Igiyar da Na Riƙe a Teku da Azumi a Bakina

Azumin da na yi a teku shi ne mafi wuya a duk wanda na taɓa yi, kuma ba zan shafa masa mai ba. Ƙishi, amai, gishiri a cikin tsagar hannu, ga wani mutum tsaye a kaina kullum yana jiran in faɗi. Na daɗe ban tuna da shi ba. Alhaji Sabo ne ya tono mini shi ranar Talatar da ta wuce.

Sunana Tanimu. Haƙar rijiya muka gada a gidanmu na Ƙofar Kibo a Zariya, daga kakana zuwa babana zuwa ni. Boko ban wuce aji huɗu ba, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri.

Bana azumi ya zo da zafi. Tun hantsi katangar gida take ɗaukar wuta, famfo ya yi shiru, rijiyoyin unguwa duk sun ja baya. Mace ta jefa guga, ta jawo rabin taɓo. Alhaji Sabo maƙwabcinmu, mai shagon yadi, ya aiko a yashe masa tasa. Muka je da ƙanena Isiyaku. Tun da gwiwata ta fara ciwo, shi ke shiga, ni ke riƙe igiya a sama. Muna kwance igiyar, Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam Tanimu, ba raini ba," in ji shi, "amma a samo wani mai jini a jika ya riƙe igiyar nan. Ga shekaru, ga azumi, ga wannan rana. Kada a zo ana da-na-sani a cikin gidana."

Na dubi Isiyaku. Shekara ashirin ina riƙe da ransa a hannuna. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa, bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi maganar Alhaji zafi. Na naɗe igiyata na ce to, a kwana lafiya, alhali ko azahar ba a kira ba.

Wannan magana an taɓa faɗa mini ita. A kan ruwa, da bakin wani mutumin Kalaba.

Shekara goma sha wani abu ke nan. Lokacin masu burtsatse sun shigo da motarsu, duk mai ɗan hali ya daina neman mu. Sai Malam Habu, wani ɗan unguwar Kongo ta nan Zariya da ke dafa abinci a jiragen ruwa, ya zo ganin gida, ya ce in bi shi Kalaba, ana neman lebura mai ƙarfi wanda ya san igiya. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na kogin Kubanni girma ba. Na bi shi.

Jirgin ba na kamun kifi ba ne, ba na mai ba ne. Na masu bincike ne. Kwana biyu muna tafiya ba ƙasa, sannan muka isa wasu tsibirai masu duwatsu dogaye, kore shar, kansu kullum a cikin hadari. Aikin da aka zo yi shi ne taswirar ƙasan teku da ke kewaye da su. Ba bakin gaɓa ba inda masu nutso ke iya zuwa su gani da ido, can gaba inda ruwa ya yi zurfin da mutum ba ya kaiwa. Mutanen tsibirin suna son su san ina ne dutse, ina ne yashi, ina ne kifi ke haihuwa, don su hana manyan jirage jan raga a wurin su kwashe komai.

Yadda ake yi, akwai wani inji a cikin jirgin daga ƙasa, yana buga ƙara zuwa ƙasan ruwa, yana sauraron dawowarta. Kamar dai yadda muke jefa tsakuwa a rijiya mu kasa kunne. Jirgi zai miƙe sak, ya juyo, ya sake miƙewa kusa da inda ya bi, kamar mai huɗa yana tayar da kunya. A ɗakin masu bincike sai ka ga ƙasan teku yana fitowa a allo, ja inda ba zurfi, shuɗi inda ya yi zurfi. Amma injin nan iyakarsa ya ce nan da tauri, nan da taushi. Bai san me ke zaune a wurin ba. Don haka sai an tsaya an saukar da abu biyu: wani bakin ƙarfe da ke cizo ƙasa ya kawo sama, ni guga nake ce masa, da kuma kyamara mai fitilu a cikin kejin ƙarfe. Kyamarar nan guda ɗaya ce tak a jirgin. In ta tafi, aiki ya tashi, kowa ya kama hanyar gida.

Shugabar binciken wata mace ce 'yar tsibirin, gajera, gashinta ya fara fari, kowa Dakta yake ce mata. Shugaban leburori kuwa Oga Etim, mutumin Kalaba, ƙato, ya yi shekaru a jiragen kamfanonin mai. Shi Aboki yake ce mini, a lokacin ko sau ɗaya bai taɓa kiran sunana ba. Dukkanmu da guntun Turancin kasuwa muke magana, sauran kuma da hannu.

Da farko aikina wankin laka. In guga ya kawo ƙasa, in zuba a rariya, in wanke da ruwa, a tsince tsutsa da ƙananan dodon koɗi a sa a kwalba. To mu mahaƙa muna da wata ɗabi'a. In muka iso sabuwar ƙasa a rijiya, sai mu ɗan ɗanɗana, mu ji yumɓu ce ko da yashi, da kanwa ko babu. Hannuna ya saba, ban ma san na kai lakar baki ba. Sai na ji an ce, "Me ka ji?"

Dakta ce a bayana. Na ɗauka faɗa za ta yi. Na ce, "Yumɓu ce, Dakta, amma da garin bawo a ciki. Tana ƙas-ƙas a haƙori."

Ta lakato ita ma ta sa a baki, ta tauna da haƙoran gaba, ta tofar. "Gaskiyarka. Wa ya koya maka?"

"Babana."

"A wace makaranta?"

"A cikin rami."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Bayan kwana biyu ana saukar da kyamara, na ɗora hannu a kan igiyar, haka kawai, na ce ta sauka a kan tsakuwa. Suka duba allo, tsakuwa ce. Aka matsa gaba, na ce nan laka. Laka ce. Tun ranar Dakta ta ce ni zan riƙa tsayawa a bakin jirgi ina bi da igiyar kyamara. Injin naɗi ne ke ɗaukar nauyin, Oga Etim ke tuƙa shi, amma hannuna ne a kan igiyar. Ina ce mata igiya ne don bakina ya saba. Waya ce mai kaurin babban yatsa, saƙaƙƙen ƙarfe a waje, wuta a ciki. Dokar jirgi, ba a taɓa ta sai da safar hannu mai kauri. Ni kuwa in na sa safar nan kamar an toshe mini kunne ne. Sai in faki idon Oga in zare ta dama.

Ana cikin haka wata ya kama. Mu biyu ne Musulmi a jirgin, ni da Malam Habu.

Damina ce a can, amma ba irin tamu ba da hadari zai haɗu a gabas, ya zuba, ya wuce, ƙasa ta yi ƙamshi. Can ruwa sama, ruwa ƙasa. Sai a kwana uku ana yi. Rigata ba ta taɓa bushewa ba, har ta yi baƙin tabo tana wari. In ruwan ya ɗauke kuma rana ta fito, ƙarfen jirgi ya ɗauki zafi, tururi ya riƙa tashi kamar an buɗe madambaci. Iskar kanta gishiri ce. Leɓe ya tsage, ka lasa, ka ƙara wa kanka ƙishi.

Sai injin da ke mayar da ruwan teku ruwan sha ya lalace. Aka koma rabo, kowa gora biyu a wuni, sha da wanka da komai. Ni ɗan mahaƙa rijiya, wanda gidanmu ba a taɓa hana maƙwabci ruwa ba, ga ni zaune a tsakiyar ruwan da ba shi da iyaka ina lallaɓa gora. Alwala da ruwan teku muke yi, Malam Habu ya ce ya halatta. In ana ruwan sama mu shimfiɗa tamfol mu tara, shi ma da ɗanɗanon gishiri da man inji.

Sahur, shinkafar jiya da kifin gwangwani. Wani lokaci garin rogo da sukari. Kafin hantsi igiyar ruwa ta jijjiga jirgi, rabin abin da na ci ya koma teku. Na tambayi Malam Habu, ya ce aman da ya zo da kansa ba ya karya azumi. Na ce to, azumi bai karye ba, amma cikin fa wayam. Buɗa-baki ba kunun tsamiya, ba ƙosai, ba ko dabino ɗaya. Shayi da busasshen biskit. Ina kurɓa ina tuna layinmu a irin wannan lokaci, ƙamshin suya daga kowane zaure, kwanuka na ƙetare katanga. Rana ma ba ma ganin faɗuwarta don hadari. Malam Habu ya dubi agogo ya ce a sha, ni in dubi sama in ce da saura, mu yi ta musu da kofi a hannu.

Sallah kuma wani aiki ne. Ka tambayi kyaftin ina gabas, ya nuna maka, ka tayar da kabbara. Kafin ka kai raka'a ta biyu jirgi ya kai ƙarshen kunya ya juyo, alƙibla ta koma ƙeyarka. Malam Habu ya ce in bi juyin in zan iya. Sai ka gan mu muna sallah muna kewayawa a hankali kamar jakin da aka ɗaure a turke, leburori na leƙe suna dariya.

Ranar goma ga wata abin ya faru. Ina tsaye a bakin igiya, sai duhu ya gifta mini, na durƙusa. Ban saki igiyar ba, wannan ina so a sani. Amma Oga Etim ya gani.

"Aboki, zo nan. Yaushe rabonka da ruwa?"

"Tun asuba, Oga."

"Kana so ka mutu, je ka mutu a kan gadonka. Ba a kan kyamarata ba. Ko ka ci abinci kamar kowa, ko ka bar igiyar nan. Gobe za mu shiga tsibiri ɗibar ruwa. In ka tashi da azumi, ka koma kicin wankin tukunya wurin ɗan'uwanka, in sa wani."

Na ce, "Oga, babana ya riƙe igiya azumi talatin, da mutum a ƙasa ba ƙarfe ba. Bai taɓa sakin kowa ba."

"Babanka ba ya cikin jirgina."

Na kai ƙara wurin Malam Habu, ina zaton zai goya mini baya. Yana yanka albasa, ko ɗagowa bai yi ba.

"Tanimu, kai matafiyi ne. Allah da kansa ya yi maka rangwame. Sha, ka rama a gida. Ni ma jiya da zazzaɓi ya kama ni na sha."

"Matafiyi? Wata biyu ina kwana a gado ɗaya."

"Gadon ai tafiya yake yi, sakarai."

Gaskiya ya faɗa, na sani a lokacin, na kuma sani yanzu. Ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ba ilimi ne ya hana ni sha ba, taurin kai ne. Da jikina ne ya ce mini in sha, da na sha ban ji komai ba. Amma wani ya tsaya a kaina ya ce mai azumi ba ya iya riƙe igiya, in kuma ɗauki kofi a gabansa in tabbatar masa? Duk mahaƙan da na sani a birni da azumi suke aiki in ya zo da rani. Na ce wa Malam Habu ba zan sha ba, igiyar kuma ba zan bari ba. Ya ce to ai sai ka zaɓi ɗaya. Na ce ban ga dama ba.

Da la'asar ɗin ranar muka tsaya a wani wuri yamma da ƙaramin tsibirin. A allon Dakta wurin ya fito da wani baƙin layi, inda ja ya yanke ya zama shuɗi farat ɗaya. Ta ce tana son ta ga mene ne. Zurfin ya haura gaba hamsin. Rijiya mafi zurfi da na taɓa haƙawa a Zariya gaba goma sha biyu ce.

Aka saki kyamara. Ana yayyafi, jirgi na tashi yana sauka. Harshena ya manne a dasashi, kaina na sarawa. Na zare safar dama na cusa a aljihu. Igiya na tafiya sumul a tafin hannuna, na ji ta taɓa tsakuwa, ta ɗan ja, ta sake nitsawa kamar ta faɗa rami. Sai igiyar ruwa ta ɗaga jirgi, na ji wani gurr a cikin ƙashin hannuna, igiya ta miƙe ta yi tauri kamar sanda.

Daga ɗaki aka yi ihu cewa allo ya yi duhu, ba a ganin komai sai ƙura.

"Ta nutse a laka!" in ji Oga Etim. "Zan fizge ta." Ya kama hannun inji.

Ni na san ba laka ba ce. Laka in ta riƙe abu, riƙon yana da taushi, kana ja tana biyowa kaɗan-kaɗan. Wannan riƙon na san shi tun ina bin babana. A rijiyoyinmu na birni akwai inda marmara ke yin leɓe, ta fito daga bango kamar rumfa. In guga ya shiga ƙarƙashinta, duk wanda bai sani ba sai ya ja da ƙarfi, dutse ya ci igiya, guga ya tafi. Ba a ja. Sassautawa ake yi, ka zagaya ɗaya gefen bakin rijiyar, ka jawo daga can, ya fito da kansa.

"Oga, kada ka ja! Dutse ne, tana ƙarƙashinsa!"

"Matsa, Aboki! Yunwa ke maka magana."

Injin ya fara naɗewa. Na ji igiyar na kuka, zaren ƙarfe na tsinkewa ɗaya-ɗaya can ƙasa. A jikin injin akwai wani jan maɓalli da aka ce kowa na iya dannawa in ya ga haɗari, amma ban taɓa ganin lebura ya kusance shi ba. Na tsallaka na doke shi da tafin hannu. Komai ya tsaya cak.

Oga Etim ya shaƙo wuyan rigata. Abin da ya faɗa ba zan rubuta ba, ina azumi. Dakta ta fito da gudu ba takalmi.

"Wa ya tsayar?"

"Wannan mahaukacin da bai ci abinci ba!"

Turancina ya ƙare a wurin. Sai na ɗauki wani kofin roba, na ɗaura masa igiyar takalmina, na sa shi ƙarƙashin leɓen teburin da muke wankin laka, na ja sama. Ya maƙale. Na sassauta, na zagayo da hannuna waje, na ja. Ya fito. Na sake yi sau biyu. Dakta ta dubi kofin, ta koma ɗaki ta dubi baƙin layin nan, ta dawo.

"Ta wane gefe?"

Na ɗora hannu a igiyar na rufe ido. Tana jingine ne ta wajen tsibiri. Na nuna mata wajen buɗaɗɗen teku. "Can za mu koma."

"In ka yi kuskure fa?" in ji Oga Etim.

"In na yi kuskure ka ajiye ni a tsibirin gobe, ba kicin ba."

Dakta ta yi magana da kyaftin. Aka saki igiya, jirgi ya fara ja da baya a hankali. A nan ne na ci wuya. Dole igiyar ta zauna tsaka-tsaki, kada ta yi sako-sako ta naɗe a dutse, kada ta yi tauri ta tsinke, injin kuwa bai san tsaka-tsaki ba. Sai da hannu. Na zare ɗaya safar ma na yar. Duk lokacin da jirgi ya tashi in saki, in ya sauka in tattaro, ina yi wa Oga ihu, "Saki! Tsaya! Saki kaɗan!" Shi kuma, Allah ya sani, yana bi. Ƙananan zaren ƙarfe da suka tashi a jikin wayar suna bin tafina kamar ƙaya. Ruwan gishiri na shiga. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san yayyafi na sauka a leɓena, na datse baki don kada ya shiga.

Sai na ji ta saki. Wani sauƙi ya zo a hannuna, irin na guga in ya rabu da bango yana lilo a tsakiyar rijiya.

"Naɗe, Oga. A hankali."

Kafin kyamara ta iso sama, na ji ihu daga ɗakin bincike, na ɗauka wani abin ne ya sake lalacewa. Ashe ƙura ce ta kwanta, fitilu suka haska abin da ya riƙe mu. Ni ban gani ba, bayana na wajen allo. Sai da keji ya hau jirgi, gefe ɗaya a lotse, wayar ta kusa rabuwa biyu a wuri guda, sannan Dakta ta jawo ni ciki ta mayar mini da hoton baya.

Katanga ce a ƙarƙashin ruwa, doguwa, da leɓe a samanta kamar yadda na faɗa. A ƙarƙashin leɓen kuwa gari ne guda. Wasu itatuwa ja da rawaya masu kama da mafici, ta ce murjani ne, dabba ce ba itace ba. Soso manya kamar tulu. Jajayen kifaye sun yi cincirindo a inuwa, manya da 'ya'yansu, ko motsi ba sa yi, sun zuba wa fitila ido. Duk wannan a cikin duhu, gaba hamsin a ƙasa, ba wanda ya taɓa sanin yana nan. Dakta na share ido da bayan hannu. Ni dai na ce Allahu akbar, jini na ɗiga daga yatsuna a kan daɓen ɗakinta.

Kada wani ya ɗauka an tafa mini. Oga Etim ya zaunar da ni a kan bokiti, ya buɗe akwatin magani, ya zuba mini wani abu a tafin hannu da ya sa na ga taurari da rana tsaka.

"Ka cire safa. Ka taɓa mini inji. Ka yi mini ihu a gaban yarana. A jirgin mai da tuni ka tafi gida."

"Kyamara fa, Oga?"

"Rufe mini baki. Ba ka taɓa igiya sai hannun nan ya warke."

Ya naɗe hannuwan duka biyu da bandeji har suka zama kamar na ɗan dambe. Malam Habu ya leƙo da agogo ya ce lokaci ya yi, yau kam ban yi musu ba. Ya ajiye mini shayi, na kai hannu, na kasa ɗauka. Na gwada da gwiwar hannu, ya kusa zubewa. Oga Etim ya yi tsaki, ya ɗauki kofin ya kafa mini a baki.

"Sha, Tanimu. Mai taurin kan tsiya."

Ranar ya fara kiran sunana.

Kwana shida ina zaune ina kallon wani yana riƙe igiyata kamar mai riƙe da maciji. Ran na bakwai Oga ya jefo mini safar hannu, na duba, ya yanke kan yatsu uku na dama da almakashi. Na sa ta na koma bakin igiya. Maganar kicin ba a sake tayar da ita ba. Azumin nan na kai shi talatin, ban sha ko ɗaya ba, na dawo Zariya wandona na zamewa.

Da za mu rabu Dakta ta ba ni takardar taswirar wurin. Tana nan a ƙasan akwatina, ja da shuɗi sun koɗe, baƙin layin dai yana nan. Babu sunana a jiki, ban kuma nema ba. Ban sani ba ko an hana masu raga zuwa wurin, ko kifayen nan na nan. Ban sake ganin teku ba.

Yanzu ga ruwan leda mai sanyi a kowane lungu, ga ƙanƙara, ga kunu da ƙosai na jirana in an kira magariba. Azumin bana ba komai ba ne in aka gwada da wancan. Abin da ya canza ni ne, wannan ban musa ba. Ranar Talatar nan da na dawo daga gidan Alhaji na zauna a zaure na dubi hannuwana. Tabon wayar na nan, fari-fari a tafi. Na miƙe su in ga ko suna rawa. A teku ƙarfe ne a ƙarshen igiya. A nan ɗan uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai 'ya'ya biyar. Taurin kai ba zai ɗauko shi daga rami ba. Amma kuma ba mai shagon yadi ne zai gaya mini ranar da zan ajiye igiya ba. Igiyar ce za ta gaya mini.

Washegari da na dawo daga sallar asuba, na cika buhu da duwatsu har ya fi Isiyaku nauyi, na ɗaure shi, na saukar a rijiyar gidanmu har ƙasa, na jawo. Na sake. Na yi sau uku, na tsaya na saurari gwiwata da numfashina, ba wanda ya gaza. Sannan na naɗe igiyar na rataya a kafaɗa, na je na buga ƙofar Isiyaku. Ya fito yana murza ido, ya dubi igiya, ya dubi rigata da ta jiƙe sharkaf.

"Yaya, ai Alhaji ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Kai nake tambaya. Za ka shiga ko in nemi wani?"

Sai ya koma ciki ya ɗauko dagi da bokiti. Na wuce gaba, ya biyo ni, muka yi sallama a zauren Alhaji Sabo tun rana ba ta hau katanga ba.